Zan iya kai wa amarya akwatin taimakon gaggawa a matsayin gudummawa?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, ina da 'ya'ya biyu. Aminiyata, wadda muka taso tare tun muna 'yan Islamiyya, za ta yi aure bayan ƙaramar Salla, kuma za a kai ta wani ƙaramin gari a Jihar Gombe inda mijin yake koyarwa, gidan kuma yana da nisa da babban asibiti. Na lura duk ƙawayenmu kuloli da zannuwan gado da kayan shayi suke shirin saya, sai na yi tunanin in haɗa mata akwatin taimakon gaggawa na gida. Da na faɗa wa Hajiyarmu sai ta ce kul, wai ba a kai wa amarya bandeji da maganin ciwo, mugun fata ne, kuma dangin ango za su ce na yi rowa. Yayata ta ƙara da cewa lokacin bikina aminiyar tawa ta ba ni atamfa mai tsada da kuɗi, don haka abin kunya ne in saka mata da auduga da filasta. Raina yana kan wannan kyauta, amma ba na son in saɓa wa mahaifiyata ko in ɓata zumunci. Ki ba ni shawara, kuma idan ya dace in yi, me zan sa a ciki?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Ki yi wannan kyauta, domin tunaninki mai kyau ne kuma ya dace da halin da aminiyarki za ta shiga, ita kaɗai a garin da ba ta da uwa ko yaya da za ta ruga wurinta idan wani abu ya faru da dare. Sai dai akwai gaskiya a cikin maganar Hajiya da ta yayarki wadda bai kamata ki tsallake ba, kuma akwatin da aka haɗa babu sani yana iya cutar da gidan da aka kai shi.

Maganar yayarki ita ce ta fi nauyi. Gudummawar biki a wurinmu tana ɗauke da lissafin da ba a faɗa da baki, kuma mata suna riƙe shi shekara da shekaru. Wadda ta kawo miki turmin atamfa da kuɗi ranar bikinki tana da haƙƙin ta ga makamancinsa ranar nata, ko da ita ba za ta taɓa ambata ba, kuma iyayenta mata, waɗanda suke lura da wanda ya kawo da wanda bai kawo ba, za su gani. Saboda haka kada akwatin ya tsaya a madadin gudummawar. Ki fitar da abin al'ada gwargwadon ƙarfinki, turmi ɗaya ko kuɗi, ki miƙa shi a inda ake miƙawa, sannan akwatin ya zama ƙari tsakaninki da ita, kuma da wannan maganar rowa ta mutu tun kafin a tayar da ita. Idan aljihu ba zai ɗauki biyun ba, ki nemi ƙawa ɗaya ko biyu daga cikin masu shirin sayen kuloli ku haɗa kuɗin akwatin tare, amma kada ki ci bashi a kansa, domin yawancin kayan da ake buƙata ba masu tsada ba ne idan an saye su ɗaya-ɗaya.

Ita kuma Hajiya, abin da take gudu shi ne a ce 'yarta ta shiga gidan farin ciki da alamar ciwo a hannu, kuma wannan gudu daga ƙauna ya fito, don haka kada ki tunkare ta da gardama. A addini dai camfi ba shi da wuri a nan, domin ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi, kuma a cikin Bukhari ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Amma ba na ba ki shawarar ki je ki jero wa mahaifiyarki hadisai kamar mai gyara mata karatu. Ki tuna mata da abin da ita kanta ta sani, wato iyayenmu ba su taɓa kai amarya hannu rabbana ta wannan fuska ba. A cikin kayan da ake ƙulla wa yarinya akwai zuma, da man shanu, da man kaɗanya, da citta da kanumfari, da jar kanwa, kuma tun da gidan sauro ya wadata ake saka shi cikin kayan ɗaki ba tare da wani ya ce ana yi wa amarya fatan zazzaɓi ba. Ki ce mata irin wannan tanadi kike son yi da kayan asibiti saboda yarinyar za ta yi nisa da gida, ki roƙe ta ta sa albarka, har ma ta ƙara wani abu daga wurinta. Idan duk da haka ta tsaya a kan cewa kada a kai shi lokacin biki, ki yi mata biyayya, ki kai shi a ziyararki ta farko ko ki aika bayan an tare, domin jinkirin wata ɗaya bai kai a saɓa wa mahaifiya a kansa ba.

Ko da ta amince, ba a wurin kamu ko wuni ake miƙa irin wannan ba, inda ake ɗaga kaya ana shela, kuma kada ki bar shi a hannun masu jere, domin za su tura shi ƙarƙashin gado a manta da shi. Ki sami aminiyarki ita kaɗai kwanaki kaɗan kafin a sa ta a lalle, ku buɗe shi tare, ki nuna mata kowane abu da amfaninsa. Tun kafin ki je saye ma, ki tambaye ta ko akwai maganin da jikinta ko na angon ba ya karɓa, ko ɗayansu yana da gyambon ciki ko asma ko sikila, da kuma ko akwai ƙananan yara ko dattijai a gidan da za ta zauna, domin amsar waɗannan ita za ta faɗa miki abin da za ki ƙara da abin da za ki cire. Ni na fi son ki sayi akwatin roba mai tsabta, mai murfin da yake kamawa sosai, ki cika shi da kanki, a kan ki ɗauko wanda aka riga aka haɗa, saboda irin waɗancan sau da yawa an yi su ne domin mota ko ofis, kuma ba ki san tsawon lokacin da suka yi a kanta ba.

Ki fara tunaninki daga madafa, domin nan ne amarya ta fi samun rauni a watanninta na farko: man suya da ya fantsamo, ruwan zafi, tururin tukunya, talgen tuwo da ya yi tsalle, ko risho da tukunyar gas da ba ta saba da su ba. Abin da ya fi komai amfani ga ƙuna ba ya shiga akwati, shi ne ruwa mai tsabta mai sanyi, a yi ta kwarara shi a kan wurin har minti 20, a kuma cire zobe da awarwaro da wuri kafin wurin ya kumbura. Ba a sa ƙanƙara, ba a fasa bororon da ya taso, kuma ba a fizge tufar da ta manne da fata. Abin da yake lalata ƙuna a gidajenmu shi ne abin da ake shafawa cikin ruɗewa, kamar ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da manja, da baƙin mai, da gishiri, da gashin zomo. Waɗannan suna riƙe zafi a cikin nama ko su shigar da ƙwayoyin cuta, sannan ma'aikacin asibiti sai ya kankare su kafin ya ga ciwon, wanda azaba ce ta biyu ga mai ƙunar. Abin da za ki sa domin wannan shi ne goz, wato farin ƙyallen nan mai raga-raga, wanda aka rufe a takarda ɗaya-ɗaya, musamman irin mai maiƙo da ba ya manne wa ciwo, tare da bandejin naɗawa da za a ɗaura sako-sako. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta hannu, ko ta gaba, ko ta kan gaɓa, ko ta ƙaramin yaro, ko ta wutar lantarki, asibiti ake kai ta da zarar an gama sanyaya ta.

Bayan ƙuna sai yanka, daga wuƙa, ko bakin gwangwanin tumatir, ko fasasshen gilashi, ko faɗuwa daga babur. Jini ana tsayar da shi ne da dannewa: a ɗora goz ko tsumma mai tsabta a danne da ƙarfi kamar minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, idan ya jiƙe a ƙara wani a kansa. In ya tsaya, a wanke wurin da ruwa mai tsabta, a wanke kewayensa da sabulu, a shafa aidin, a rufe. Ƙasa da toka da man birki da garin kafso ba su da wuri a kan ciwo. Sipirit ki sa shi domin goge almakashi da ma'aunin zafi, amma ki faɗa mata ba a zuba shi cikin buɗaɗɗen rauni, auduga kuma tana barin zare a cikin ciwo, saboda haka goz ya fi ta a nan. Ki haɗa da filasta manya da ƙanana, da filastar naɗi, da bandeji mai talewa domin targaɗe, da almakashi, da matsefata domin ƙaya ko sartse, da safar hannu ta roba, da sabulu, da tocila mai kyau. Raunin da ya yi zurfi, ko ya buɗe baki, ko na ƙusa, ko wanda ƙasa ta shiga, yana buƙatar a duba shi a asibiti saboda ɗinki da allurar tetanus. Cizon kare kuwa a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare idan ya riga ya bayyana kusan ba a tashi daga gare shi. Haɓo, wanda yake yawaita da hunturu da lokacin zafi, ana sunkuyar da kai gaba ne a matse tattausan ɓangaren hanci minti 10 zuwa 15, ba a ɗaga kai sama jinin ya koma maƙogwaro.

Domin zazzaɓi, ki sayi ma'aunin zafin jiki mai batir, ki guji na gilashi mai ɗauke da zaiba, wanda idan ya fashe abin da ke cikinsa guba ne. Ki nuna mata yadda ake karanta shi, ta san cewa daga maki 38 zuwa sama zazzaɓi ne, kuma jaririn da bai kai wata uku ba idan ya kai haka ba a jira da shi a gida. Maganin raɗaɗi guda ɗaya ya isa akwatin, wato farasitamol. Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, da tazarar awa huɗu zuwa shida, kuma ba a wuce ƙwaya takwas a awa 24, domin yawansa yana lalata hanta. Ki ja kunnenta a kan cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, don haka wanda ya haɗa su yana iya ninka adadin bai sani ba. Asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba, su ibufurofen da dikulofenak kuma suna tayar da gyambon ciki kuma ba su dace da mai juna biyu ba sai da izinin likita, saboda haka a gidan sabuwar amarya ni zan bar su a kantin. Maganin zazzaɓin cizon sauro ma kada ki ajiye mata. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a sha shi, gwajin kuma na 'yan mintoci ne da ake yi ko a ƙaramin asibiti, kuma ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Gidan sauro mai magani ya fi dacewa ya raka akwatin.

Idan da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a cikin magungunan, da garin gishiri da sukari na leda zan zaɓa, wanda ake kira ORS. Amai da gudawa suna kashewa ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, kuma ƙaramin yaro yana iya galabaita cikin yini ɗaya, musamman da damina lokacin da ruwan sha yake gurɓata kuma kwalara take ɓulla. Ki sa mata kamar leda goma. Ana narka kowace a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, a riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ko da yana amai, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Idan ledar ta ƙare, ana haɗa shi a gida da lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, da sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, kuma a kiyaye awon sosai, domin yawan gishiri yana cutar da yaro. Ki haɗa da ƙwayar zink, wadda ake ba yaro mai gudawa miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 idan bai kai wata shida ba, domin tana rage tsawon gudawar kuma tana rage dawowarta. Amarya ba ta da yaro yau, amma gidan da ke da wannan leda shi ne maƙwabta suke ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Jini a cikin bayan gida, ko idanu su faɗa, ko yaro ya kasa shan komai, ko fitsari ya ɗauke, duk alamu ne na a tafi asibiti ana ci gaba da ba shi ruwan a hanya.

Abin da za ki hana shiga akwatin yana da muhimmanci daidai da abin da za ki sa. Kada ki sa antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko wane iri ne, ko kafson nan mai ja da rawaya da mutane suke haɗiya da zarar ciki ya murɗa, domin shan su barkatai shi ne yake sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani ranar da ake buƙatarsa da gaske. Kada ki sa taramadol, ko maganin barci, ko sirinji da ruwan allura, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018 saboda yadda shaye-shayensa ya yi ɓarna har cikin gidajen aure. Kada ki sa maganin haƙoran jarirai, domin fitar haƙori ba ta buƙatarsa, kuma tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara aƙalla 84 sun rasu a Najeriya sakamakon wani irinsa da ya gurɓata da sinadarin da ke lalata ƙoda. Akwai kuma wani abu mai amfani da zan so ki faɗa mata da baki maimakon ki saka a ciki, wato ƙwayar folik asid, wadda ake so mace ta fara sha maikirogiram 400 kullum tun kafin ta sami ciki har zuwa sati 12 na farko, domin tana rage haɗarin nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri. Maganar ciki tana da nauyi ga amarya, kuma ganin ƙwayar a cikin kyauta yana iya zama mata matsin lamba, amma tsakanin aminai ana iya faɗa cikin hira.

Tun da Jihar Gombe za a kai ta, dole in yi maganar maciji. Yankin Kaltungo da Billiri ya shahara da kububuwa, kuma a Kaltungo akwai asibiti na musamman domin masu saran maciji. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa tsaga wurin da reza yake da haɗari ƙwarai, haka ma ɗaure ƙafa tamau da igiya, wanda yake iya kashe naman ƙafar ba tare da ya tsayar da dafin ba. Tsotsa da baki da baƙin dutse ba sa cire dafi, lokaci kawai suke ci. Abin da ake yi shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da duk abin da zai matse idan an kumbura, a tallafe gaɓar da sanda da bandeji yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi kada ya yi tafiya da ƙafarsa, a nufi asibitin da yake da maganin dafi ba tare da an tsaya ko'ina ba. Tocilar da na ambata a nan amfaninta ya fi yawa, domin fita tsakar gida cikin duhu babu takalmi yana daga cikin hanyoyin gamuwa da maciji da kunama.

Akwai wasu haɗurran da akwati ba ya maganinsu, amma zaman da za ku yi shi ne damar faɗarsu. Kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera ba a zuba su a kwalbar lemo ko robar ruwa, kuma idan yaro ya sha ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara, domin kananzir idan ya shiga huhu ya fi ɓarna, sai dai a ɗauke shi tare da kwalbar zuwa asibiti. Janareta ba ya kwana a cikin ɗaki ko baranda rufaffiya, haka gawayin jin ɗumi da hunturu, saboda iskar da take kashewa ba ta da wari, kuma an sha rasa iyalai gaba ɗaya cikin barci ta wannan hanya. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga ana kwantar da shi a gefe ɗaya, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa komai, kuma a kai shi asibiti.

Duk wannan ba zai zauna a kan amaryar da ke cikin hidimar biki ba, saboda haka ki rubuta mata shi da hannunki a takarda guda, da Hausa mai sauƙi, ki manna a cikin murfin. A ƙasan takardar ki bar fili domin lambobin waya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122, amma a ƙaramin gari lambar da ta fi saurin amfani ita ce ta maƙwabcin da yake da mota, ko mai Keke amintacce da zai ɗaga waya da dare, ko ma'aikaciyar jinya da ke unguwar. Ki ce mata a satinta na farko ta sa maigida ya nuna mata asibitin da ya fi kusa, ta kuma san wanda yake buɗe da dare, su cike filin tare, su rubuta rukunin jininsu da duk maganin da ɗayansu ba ya sha. Shi ma angon ya kamata ya san inda akwatin yake da abin da ke ciki, domin ranar da amaryar ce ta ƙone shi ne zai buɗe.

Wajen saye, ki je kantin magani mai rajista, kada ki saya a tasha ko a wurin masu tallar magani a faranti cikin rana. Ki duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kowane kwali, ki duba ranar daina aiki, ki zaɓi waɗanda suke da aƙalla shekara ɗaya a gaba, ki kuma bar kowane magani a cikin kwalinsa da takardarsa. Yawancin magunguna ana so a ajiye su ƙasa da maki 30 na zafi, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Arewa yakan wuce 40, don haka akwatin ba ya zama a madafa, ko jikin taga, ko a banɗaki, sai a wuri mafi sanyi a cikin ɗaki, a sama inda hannun yaro ba ya kai, kuma ba tare da kwaɗon da za a nemi makullinsa a rasa ba. Idan kina da 'yar'uwa ko maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, ki nuna mata akwatin da takardar kafin ki kai. Ke ma da kike da 'ya'ya biyu, ki nemi horon taimakon gaggawa a reshen ƙungiyar Red Cross ta Najeriya da ke jiharku, ko a wurin 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, domin irin taimakon da ake yi wa wanda abinci ya shaƙe ko wanda numfashinsa ya tsaya sai an koya da hannu.

Ranar da za ki miƙa, ki naɗe shi da kyau kamar kowace kyautar amarya, ki ɗora kwalbar humra ko turaren wuta a kai, ki ce mata kin haɗa shi ne saboda za ta yi nisa da ku, kuma fatanki shi ne kayan su tsufa ba a buƙace su ba. Ku yi alkawarin duba shi sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu, ta karanta miki ranakun da ke jikin kwalayen ta waya, ke kuma ki aika mata da abin da ya ƙare ko ya daina aiki idan an sami mai zuwa Gombe. Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ki kuma gaida Hajiya.